Hannun Baba Filibus

"Ba zan je Abuja ba, Sunday," in ji Hephzibah, tana yanka burodi, ko kallona ba ta yi ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ke nan. Rabin Kakuri sun zama 'yan siyasa, ni ma na samu aikin direban wani sabon ɗan majalisa a Abuja. Har kwat na saya. Na gwanjo ne, amma dai kwat ne.

"Masoyiyata, ɗaki mai fanka fa..."

"Sai fankar ta riƙa tuƙa maka tuwo."

Rumfar shayin mahaifinta, Baba Filibus, tana bakin titi a Gonin Gora tun kafin a san hanyar da sunan Abuja. Direbobin tirela ba sa wuce ta, don ba mai haɗa shayi irinsa: ya ɗaga kofi sama da kansa, ya tsiyayo cikin wani, ko ɗigo ba ya zuba.

"Wani kika samu?" na tambaye ta.

Ta ja ni bayan labulen rumfar. Ta ɗaga kofi ta tsiyayo, kumfa ta tashi. Ta miƙa ta gefen labulen. Na ga Baba ya karɓa da hannu biyu, suna karkarwa.

"Tun bara," ta ce a hankali. "Ni ke haɗawa, shi ya miƙa. Ya ce wa direbobi hayaƙin motoci ya sa ya koma haɗawa a ciki. Ran da na tafi, asirinsa ya tonu. Ina sonka, Sunday... amma ubana ne."

A waje wani direba, Ɗahiru, ya kurɓa ya ce, "Baba, hannunka sai kai!"

Da na fito ya ja ni har gindin motarsa.

"Mai kwat, kar ka ɗauke mana yarinyar nan. Duk mun sani. Nata ma ya fi. Ka rufe bakinka kamar yadda muka rufe namu."

Washegari na durƙusa gaban Baba, na ce na fasa Abuja.

"Ka iya soya ƙwai?"

"A'a, Baba."

"To, ka samu aikin yi."

A cocinmu na Trikania aka ɗaura auren. Wanda ya karɓi aikin direban, gidajensa uku yanzu. Ni kuwa har yau Hephzibah ba ta yarda na riƙe gishirin ƙwai ba.