Gwangwanin Allurar Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. A gida ana kiran ta Wuf, don komai nata da wuf take yin sa. Ko takalmi, sai ta kai bakin titi take gane ta sa na dama a hagu.

Wata rana malamarsu ta koya musu yin fitilar ado da gwangwani.

Ta ce, "Ku cika shi da ruwa, ku sa a firij ya zama ƙanƙara. Sannan ku liƙa masa takarda mai zane, ku bi zanen kuna hudawa da ƙusa da guduma. Ƙanƙarar ce ke tokare shi ta ciki. In babu ita, lotsawa zai yi."

Da Wuf ta dawo gida, ta cika gwangwanin madara da ruwa, ta tura firij. Bayan minti biyar ta leƙa. Ta sake leƙawa.

"Mama, har yanzu ruwa ne."

"Sai gobe zai daskare," in ji Mama. "Rufe mini firij, ba taga ba ce."

Gobe ta yi wa Wuf nisa. Ta shiga ɗakin Kaka, ta tarar Kaka ta fita maƙwabta. A kan teburi ga wani tsohon gwangwani shuɗi mai murfi. Cikinsa Kaka ke ajiye allura da zare da maɓallai.

Wuf ta juye kayan a kan gado. Ba ta tambayi kowa ba. Ruwa ma ba ta zuba ba. Ta koma bayan kicin da gwangwanin da ƙusa da gudumar Baba.

Ƙwam, ƙwam, ƙwam. Huda uku suka fita da kyau. A ta huɗu sai gwangwanin ya lotsa, kamar kumatun wanda ya sha tsami. Ta tura da yatsa, ya ƙi. Ta sa murfi, ya ƙi rufuwa.

Ana haka Kaka ta dawo. Saura kaɗan ta zauna a kan allura.

"Ƙawata, ina gwangwanina?"

Wuf ta miƙa shi, kanta a ƙasa. Kaka ta juya shi a hannu.

Can ta ce, "Kakanki ne ya ba ni shi cike da alewa, tun ban haifi babanki ba. Abin hannunsa da ya rage mini ke nan."

Ba ta yi faɗa ba. Ai da ma dukanta ta yi, da ya fi wa Wuf sauƙi.

"Kaka, ki yafe mini. Baba zai gyara."

Baba ya sa guntun katako a ciki, ya bubbuga a hankali. Lotsawar ta ɗan miƙe.

"Hudar fa, Baba?"

"Ita kam ta zauna, 'yata. Ba a mayar da ita."

Kwana biyu Kaka, mai son tsokana, ba ta tsokani kowa ba. Wuf ta share mata ɗaki, ta tsince maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda ta ga gwangwanin sai idonta ya cika da ƙwalla.

A rana ta uku Kaka ta kira ta.

"Zo nan, sarauniyar ɓarna. Na mayar da allurai, sai zurarewa suke ta ramukanki. Tunda kin fara, ki ƙarasa. Amma yadda malama ta ce."

"Kin yarda, Kaka?"

"Yanzu da kika tambaya, na yarda."

Baba ya toshe ramukan da salatef. Suka cika shi da ruwa, suka sa a firij, suka jira har washegari. Wuf ta huda fure, Baba na riƙe mata gwangwanin.

Da rana ta faɗi suka sa kyandir a ciki. Furen haske ya fito a bango, ganye ɗaya a karkace.

Kaka ta yi dariya. "Wannan akuya ce ta gutsure shi?"

Ta jawo Wuf jikinta, suka zauna suna kallo.

Daga ranar Wuf ta koyi abu biyu. Ba a taɓa kayan wani sai an tambaya. Kuma aikin da ke son jira, a jira shi, don wata ɓarnar ba ta gyaruwa duka.