Kwafin da Malam Ya Hana

Da filash a hannunta Hayatu ya fara ganin Sadiyatu, tana zirga-zirga tsakanin tebura uku, fuskar nan a murtuke.

Ofishin ɗaki biyu ne a gaban gidan mahaifinta, Malam Umar Faruk, a Tudun Wadar Sakkwato, inda ake tattara rubuce-rubucen kakanni ana shirya su don bugawa. Kwamfuta uku ce a ciki, kowace da halinta. Ta Sadiyatu mai tsarin Mak ce. Ta ɗan baffanta Saifullah, sakataren ofishin, Windos ce. Akwai kuma wata tsohuwa a lungu mai aiki da Linuks, wadda ba mai kula ta sai ƙura. Kullum sai an kwashi aiki a filash daga wannan a kai wa waccan, wani ya buɗe, wani ya ƙi.

"Kai na mai gyaran?" ta tambaye shi ba tare da ta ɗaga kai sosai ba.

"Ni na, Malama. Mi ad damuwa?"

"Kwamfutocin ga ukku ba su ga-maciji da juna. Na gaji."

Ya yi murmushi, ya ajiye jakarsa. Kafin La'asar ya haɗa su da waya, ya tashi tsohuwar ta lungu, ya buɗe folda guda a cikinta wadda duk ukun ke gani. Ya sa mata suna Tsakar Gida.

"Kowace da ɗakinta da yarenta," ya ce, "amma duk abin da kinka aje a tsakar gida, kowa na iya ɗauka."

Ta tura shafi ɗaya daga teburinta, sai ga shi ya bayyana gaban Saifullah. Dariya ta kuɓuce mata. Da ta juyo suka haɗa ido, sai ta yi saurin gyara mayafinta. Saifullah, wanda ya daɗe yana yi mata kallon matar gobe, ya ga komai, kuma bai ji daɗi ba.

Aikin yini ɗaya sai ya koma na kowane mako. Yau waya ce ta saki, gobe firinta ce ke son dubawa, har ma'aikatan shagon kusa suka fara tambaya ko injinan gidan Malam aljanu gare su. Wata rana saƙo ya shigo wayarta:

"Malamata, na duba Tsakar Gida yau ban ga kin aje komi ba. Ko gaisuwa a aje min, in zo in ɗauka."

Ta daɗe tana kallon saƙon kafin ta amsa:

"Manomina, gaisuwa ba ta tsakar gida ba ce. Mai son ta, ta zaure yake biyowa."

Manomi take ce masa don ɗan manoman shinkafa ne daga fadamar Wurno. Mahaifinsa Mode ya sha rana kafin ya ga ɗansa ya gama karatun kwamfuta, kuma Hayatu bai taɓa ɓoye asalinsa ba.

Babban aikin da ke gaban Sadiyatu shi ne waƙoƙin kakarta, Malama Dije, mahaifiyar Malam, wadda ta shekara arba'in tana karantar da matan unguwa. Shafi ɗari uku da sittin ne na ajami, da tawadar gida. Wata takwas ta yi tana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya, tana adanawa a wani ɗan baƙin faifan ajiya. Malam ya kafa sharaɗi guda: kada a yi kwafi na biyu sai ya duba kowane baiti da idonsa. Yana da dalili. Shekarun baya wani ɗalibi ya kwafi littafin kakansa, ya buga shi cike da kurakurai da sunan kansa, abin bai bar zuciyar Malam ba har yau.

Ranar da ta gaya wa Hayatu wannan sharaɗin, ya ajiye aikin da ke hannunsa.

"Kwafi guda tak?" ya ce. "Malamata, ko iri ba a zuba shi duka a gona."

"Maganar Baba ta. Ba a ja da ita."

Ya koma kan aikinsa, ita kuma ba ta kawo komai a ranta ba.

Da manyan Hayatu suka zo neman izinin aurenta, Malam ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo fura, amma bai ba da amsa ba. Bayan sun tafi ya kira ta.

"Ban ƙi yaron ga don noma ba, da noma muka ci," ya ce. "Amma gidan ga amana muka gada, ta takarda da ta mutane. Ban san wa yak karantar da shi ba, ban san riƙonai ba. Ga Saifullah, gabana yat tashi."

"Baba, Yaya Saifullah ɗan'uwana na. Ban jin shi a raina."

"Ban yi miki dole. Amma ki ban lokaci."

Lokacin bai zo da sauƙi ba. Cikin watan Agusta aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, katangar ɗakin littattafai ta tsage, ruwa ya sami akwatin Malama Dije. Tawadar gida ba ta jure ruwa. Da aka buɗe, takardun sun manne da juna, rubutun ya narke ya zama baƙin ruwa. Malam ya tsaya kan akwatin yana salati.

"Baba, suna nan cikin faifai," Sadiyatu ta ce tana kuka. "Ba wanda ya ɓace."

Kwana huɗu bayan haka ta je gaisuwar rasuwa unguwar Gidan Dare, ta bar faifan a aljihun tebur. Da ta dawo ta jona shi, sai ta ga ba waƙa ko ɗaya. Bidiyon wani taron walima ne ya cika shi fal.

Abin da ya faru ba wuya ne a gane ba ga wanda ya san injinan. An shirya faifan ne da tsarin Mak, wanda Windos ba ta karantawa. Saifullah yana neman wurin zuba bidiyo, ya jona shi a tasa, ta ce ba ta gane shi ba, ko a share a sake shirya shi? Ya danna e. Amma da Malam ya tara su, ba haka ya faɗa ba.

"Tun da anka haɗe injinan ga komi ya rikice," ya ce yana kallon ƙasa. "Mu da muke zaune lafiya da filash ɗinmu."

Malam bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi kada Hayatu ya sake taka ofishin, maganar aure kuma a bar ta. Daga ranar ya daina fitowa karatun safe. Sadiyatu ta ga mahaifinta ya tsufa cikin mako guda, ita kuma ta rasa wanda za ta zarga, kanta ko wanda take so. Ta rubuta masa:

"Hayatu, ka gaya min gaskiya don Allah. Haɗin da ka yi ne ya cinye rubutun Inna Dije? Ba na iya kallon idon Baba."

Amsar ba ta zo ba sai washegari da hantsi:

"Ba shi ba ne, Malamata. Amma ina da laifin da ya fi wannan a wurin Malam, kuma ke ma na ɓoye miki. Yau bayan La'asar zan zo zaure in faɗa da bakina. In ya kore ni, ki yafe min. Son da nake miki bai taɓa zama ƙarya ba."

Ta karanta ya fi sau goma, ba ta fahimta ba, sai tsoro.

Bayan La'asar tana bayan ƙofar zaure, tana jin komai. Hayatu ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da buzun Malam.

"Allah gafarta Malam, waƙoƙin Inna ba su ɓace ba. Suna cikin tsohuwar kwamfutar lungu, shafi ɗari ukku da sittin, cikin wata folda da nis sa ma suna Rumbu."

Malam ya gyara zama.

"Wa yab ba ka izini?"

"Ba kowa. Satin farko na kwafe su, kamin in san sharaɗinka, don haka nika yi ma duk aikin da nit taɓa. Da Sadiyatu tag gaya min, na zo in share, hannuna yak kasa. Gidanmu ko yunwa ta kai ina, Baba bai taɓa bari a taɓa damin iri. Na saɓa maganarka ina sane, na kuma yi shiru wata biyar. Ita ba ta sani ba."

"Ka san in ka yi shiru ba mai ganewa? Ka san wagga magana na iya raba ka da abin da kaka nema?"

"Na sani, Allah gafarta Malam. Amma gadon uwa ya fi abin da nika nema."

Sadiyatu ta toshe bakinta da mayafi, hawaye na zuba.

Malam ya miƙe ya nufi ofis, suka bi shi. Hayatu ya ɗauko fayilolin daga Rumbu ya ajiye a Tsakar Gida, nan take shafin farko ya bayyana a kan allunan kwamfutocin uku gaba ɗaya. Malam ya sa tabarau, ya matsa kusa. Ga hannun mahaifiyarsa, ga ɗan ɗigon tawadar da ya zubar a gefen takardar yana ɗan shekara shida, har ta ja masa kunne. Ya kai yatsa kan gilashin ya shafa wurin. Dattijon da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka a gaban yara.

Saifullah ne ya fara magana. "Baffa, ni na goge faifan. Tsoro ya hana ni faɗi."

"Na ji," Malam ya ce. "Ka nemi gafarar wanda kaɗ ɗora ma."

Sannan ya juya ga Hayatu.

"Ka saɓa min, wanga gaskiya na, kuma ba ni cewa ka yi daidai. Amma duk littafin da ag gidan ga, wani ya zauna ya kwafe shi kamin na farko ya ruɓe. Haushin mutum guda ya mantar da ni haka. Ina tambayar wa yak karantar da kai. Yau na sani. Ka gaishe min da Mode, ka ce su dawo."

Bayan an girbe shinkafa aka ɗaura aure, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gidan. Mutanen Wurno suka cika motoci biyu, malaman birni suka cika tabarmi, Saifullah da kansa ya yi ta raba goro. Tsofaffin ɗaliban Malama Dije suka zauna a tsakar gida suna rera waƙoƙinta daga sabon littafin da aka buga, suna sa wa amarya albarka.

Kafin a kai ta, Malam ya kira Sadiyatu ɗakinsa, ya miƙa mata kwafin farko.

"Ki kai ma mijinki. Ku buɗe shafin ƙarshe tare."

A sabon gidansu, bayan 'yan rakiya sun watse, ta miƙa masa littafin tana sunkuyar da kai.

"Manomina, saƙon Baba."

Suka buɗe. A al'adar gidan, mai kwafin littafi yakan sa sunansa a ƙarshe don masu karatu su yi masa addu'a. Can ƙasa, da alƙalamin kara da tawadar gida, Malam ya rubuta da hannunsa:

"Wadda ta ɗauki hoton wannan littafi ita ce jikar mai shi, Halimatussa'adiyya. Wanda ya kwafe shi ya tsare shi, mijinta ne, ɗana Hayatu ɗan Mode. Allah Ya gafarta musu, Ya albarkaci zuriyarsu. Wanda ya karanta ya ce amin."

Hayatu ya sake karanta layin. Ya daɗe yana kallon kalmar ɗana, idanunsa sun cika.

"Amin," Sadiyatu ta ce a hankali, ta ɗora hannunta a kan nasa.