Tafiyar Malam Lado

"Goge shi, Bahijja."

Ta ɗago ta dube shi. A zauren gidansu suke a Karaye, bayan la'asar, ko tabarmar da ta shimfiɗa masa bai zauna ba.

"Yaya Dini... ka kalla kuwa har ƙarshe?"

"Na kalla. Duk garinmu Jajaye an kalla."

"Don kai na yi fa."

"Na sani, Bahina. Amma Baffa ya rantse, in bai sauka ba, babu mai zuwa sa rana."

Wayar ta yi mata nauyi a hannu. A fuskar gilashin, wani ɗan tsoho na zane yana tura keke da buhun gyaɗa, yana ɗingishi kaɗan, hularsa ta karkace. Mahaifin Zaharaddini ne, saurayin nan nata da take kira Yaya Dini, marigayi Malam Lado.

Wanda ya san Bahijja a yau, da babbar kwamfutarta da mutanen da ke kiranta daga Kano da Kaduna, ba zai yarda da yadda ta fara ba. Babu wanda ya koya mata. Zanen lalle ta fara, daga nan zanen hula, sai katin biki a wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da yayanta ya bar mata. A lokacin sai ta fita wajen bakin titi take samun sabis, wayar kuma rabin yini tana shagon mai caji. Can ta ci karo da yadda ake sa zane ya motsa. Turancin masu bayanin ba ta ji sosai, hannunsu take kallo. Da yatsa take zana hoto bayan hoto, a yi mako kafin akuya ɗaya ta tsallake kwata.

Da ta fara sakin katun ɗinta a intanet, mutanen kasuwar da take zanawa: mai tallan fura da ke faɗa da ƙudaje, wanzami mai surutu, direban da motarsa sai an tura. Mutane suka so abin, don kowa yana ganin wani nasa a ciki.

Zaharaddini ya zo ne neman a zana masa tambarin shagonsa na maganin gona a Rogo. Tambarin da za a gama a zama ɗaya, sai ya riƙa dawowa wai a gyara kala. Namiji in ya fara ganin aibin kore yau, gobe na ja, to ba kala ce ta kawo shi ba. Daga baya shi ya zama muryar duk mazan katun ɗinta. Yakan rufe shago da rana, ya lulluɓa da bargo don kada kukan babura ya shiga, ya yi mata muryar wanzami ya turo, yana ƙorafin zufa za ta kashe shi kafin ya ga aure.

Wata rana yana zance ya ce mata ya fara manta fuskar babansa. Malam Lado bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ya faɗa yana dariya, amma ta ga idonsa.

Ita kuwa ta san tsohon. Tana ƙarama duk ranar kasuwa ta ƙofar gidansu yake wucewa, ba ya hawa keken in da kaya, sai dai ya tura. Yakan tsaya ya damƙa wa yara gyaɗa, ya ce su yi masa addu'ar ciniki.

Damina guda ta yi tana zana shi a ɓoye. Kuskurenta ɗaya, da ta gama, murna ta ɗebe ta, ta sake shi inda take sakin sauran, kafin wani daga gidan ya gani. Kuma saboda hannu ya saba, ta sa wata akuya ta bi buhun tana ja har keken ya kusa faɗuwa.

Wannan wurin Laure ta yanko.

Laure 'yar Baffa Abdulmuɗallib ce, ƙanin marigayin, kuma tun suna yara ake tsokanar ta da Zaharaddini har ta ɗauki abin da gaske. Ta yanke farko, ta yanke ƙarshe, ta ɗora sautin dariya a kai, ta kai wa mahaifinta yana zaune cikin jama'a a ƙofar gida. Ta ce ga abin da surukar da za a kawo take yi da gawar gidansu, duniya tana ƙyalƙyala dariya.

Baffa ya ce zanen mai rai ma abin dubawa ne, balle a tono wanda ke kwance. Ya ce a sauke shi, kuma yarinyar ta ajiye wannan sana'a gaba ɗaya in tana son shiga gidansu.

Wannan sharaɗi na biyun, ranar a zauren Zaharaddini bai iya faɗa mata a tsaye ba. Sai da ya zauna, kansa a ƙasa.



"Na Baba zan sauke," ta ce. "Haƙƙinku ne, ni na yi azarɓaɓi. Amma in daina zane..."

"Bahina..."

"Da me ka san ni, Yaya Dini? In na ajiye shi, wa za ka aura?"



A gabansa ta danna ta sauke shi, shi da ya fi duk abin da ta taɓa yi samun masu kallo. Ta shige gida ba ta raka shi ba.

Kwanaki suka wuce ba kira. Ta yi ƙoƙarin zana wanzami, ba ta da muryar da za ta sa masa. Mahaifiyarta ta ce dama ta faɗa mata wannan wasan yaran zai ja mata magana. Laure kuwa aka ce har ta fara aika wa Zaharaddini abinci shago.

Sai ga saƙo daga Jajaye: Inna Hajo, mahaifiyarsa, tana son ganin ta, ta zo da wayar.

Budurwa ba ta zuwa gidan surukai kafin a ɗaura, kowa ya sani. Amma babba ta kira. Gwaggo Tani, ƙanwar babanta, ta raka ta, suka hau mota zuwa Rogo, daga nan babur, ta tsakanin gonakin gyaɗa da aka fara cira. Duk hanya Gwaggo tana ja mata kunne: ta durƙusa, ta ba da haƙuri, kada ta ɗaga ido.

Suka tarar da Inna Hajo a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Baffa yana kan kujera a gefe, Laure a bakin ɗaki, Zaharaddini a can jikin rumbu ya rame. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutanen Karaye da damina. Bahijja ta fara ba da haƙuri, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Guntu aka nuna min. Na ji an ce akwai saura."

Laure ta ce ai duk ɗaya ne, Inna.

"Ba ke na tambaya ba."

Bahijja ta kunna ta miƙa. Inna Hajo ta kawo wayar daf da idonta. Ga shi ya fito da sassafe yana tura keke. Ga shi ya tsaya yana raba wa yara gyaɗa. Akuyar ta zo, ya kore ta, ya zuba mata 'yan ƙwayoyi a ƙasa. Rana ta yi ja, ya juya da buhu ba komai, ya kama hanyar gida, yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Ta ce a sake. Aka sake. Ta ce a ƙara.

"Hular ta yi," ta ce a hankali. "Kafaɗar ma haka take. Amma ƙafar hagu ce, ba dama ba. Daga kan wancan rumbun ya faɗo, shekarar da aka kawo ni."

"Zan gyara, Inna."

"Ba wannan ne laifinki ba."

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Kin bar shi a hanya, 'yar nan."



Inna Hajo ta ce ranar da ya rasu ma haka aka yi. Ya fita kasuwar Karaye lafiya ƙalau, ta ɗora masa tuwo, ciwo ya kama shi a can, can aka yi masa sutura. Keken aka kawo mata. Ta ce tun daga ranar, duk yamma in ta ji ƙarar sarƙa a waje sai ta kalli ƙofa.

"Ke kin san shi a kasuwa. Ba ki san yadda yake shigowa gida ba. Za ki iya sa shi ya shigo?"

"In an nuna min, Inna..."

Baffa ya gyara zama ya ce, "Hajo, wannan abu fa..."

"Yayanka ne, Alhaji, ban musa ba. Amma ni nake jiran sa."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta taka har bakin zaure, ta juyo, ta kama hannun keken da babu shi. Ta yi gyaran murya sau biyu. Ta yi sallama da wata murya ƙasa ƙasa wadda ba tata ba. Ta tako tana jan ƙafar hagu, ta jingina keken a jikin katanga, ta cire hular da babu ita ta kakkaɓe a gwiwa, ta dubi wajen murhu.

"Wai ba kowa ne a gidan?" ta ce.

Zaharaddini ya juya ya kifa fuskarsa a jikin rumbu. Baffa ya kai bakin rawaninsa ido, ya daɗe bai sauke ba. Laure ta shige ɗaki.

Da Baffa ya sauke rawanin, cewa ya yi wannan kada ya fita duniya, na cikin gida ne. Maganar sana'a bai sake tayar da ita ba, kuma babu wanda ya tuna masa. Ya dubi Gwaggo Tani ya ce a gaya wa mutanen Karaye suna nan tafe bayan an kai amfanin gona gida.

A bakin hanya, suna jiran babur, Zaharaddini ya matso kusa da ita.

"Ki yafe min, Bahina. Na bar ki ke kaɗai."

"Ka bar ni. Sai na yi tunani."

"Har yaushe?"

"Har ka iya sallamar Baba yadda Inna ta yi. Wa kake jin zai yi muryar?"

Bayan kaka aka ɗaura. Bahijja ta ci gaba da zanenta a Rogo, sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba. Har yau masu kallo suna tambayar ina tsohon nan mai keke, ba ta ba su amsa.

Ranar da ta gama gyaran, ita da mijinta suka kai wa Inna Hajo da la'asar sakaliya. Tsohuwar ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kalle shi ya taho daga nesa, ya wuce gonaki, ya iso bakin zaure. Ya yi gyaran murya. Ya yi sallama.

Inna Hajo ta gyara ɗankwalinta.

"Wa alaikumus salam," ta ce. "Sannu da zuwa, Malam. Ka daɗe."