Rufin Bukkar Dassin

Dassin ta koya wa namiji saƙa.

Intala ne ya kai wa mahaifiyarta, Mariyama, labarin. Ɗan wan mahaifiyar ne, mai manyan motoci a hanyar Agadas, kuma ya daɗe yana son Dassin.

"Anna, ki saurare ni..." Dassin ta ce wa uwar.

"Rufe mini baki!" in ji Mariyama. "Rufin bukkar aurenki? Da hannun makanike a ciki?"

"Ina son sa, Anna."

"Yanke inda ya saƙa za a yi. In kin ƙi, babu bukka!"

Dassin ta dafe ƙirji. Wurin mutanen Abzin uwa ce ke kafa wa 'yarta bukkar aure, ko a tsakiyar Arlit. Uwa ta hana bukka, aure ya mutu.

Saƙar ma daga Mariyama ta fito. Da ƙuruciya ta yi aiki gidan wata Baturiya a Akokan, can ta koya. Abin saƙar 'yar ƙoshiya ce ta ƙashi, ba ta fi yatsa ba, da farin zare a cikinta. Ƙulli bisa ƙulli har ya zama zobe, zobba su zama tauraro. Da idon Mariyama ya yi rauni, sai ta miƙa wa 'yar. Ita kuwa Dassin ta ɗauko abin da uwar ba ta taɓa gwadawa ba: leshin da zai rufe cikin bukka duka.

Makaniken, Fatahu, Ba'adare ne, mutumin Tawa. Ya yi aiki a ramin ma'adinai har aka rufe, ya koma garaji. Inji ya kama masa hannun dama, yatsu uku suka sandare. Likita ya ce ya yi ta motsa su. Wata la'asar ya ga Dassin tana saƙa a inuwar dogon-yaro bayan garajin, ya tsaya kallo har ta gaji ta miƙa masa ƙoshiyar.

"Ba'adare, zare ne fa, ba waya ba! Sassauta!"

"Mi za ni yi, 'yar Abzin? Hannun bai jin magana. Zuciyata ɗai ka jin taki."

"Ji baki... Ƙulla mu gani."

Ya sassaƙa tasa ƙoshiyar da icce. Kullum sai ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari kafin ya taɓa zaren. Ita a wannan gefe, shi a wancan, tana ɗaura taurarinta jikin nasa. Abokan aikinsa suka sa masa suna Hajiya. Bai kula su ba.

Abin ya kai hankici. Ya kai darduma. Zafi ya wuce, sanyi ya zo, ya fi gado faɗi, jaka ta kasa ɗaukarsa sai buhu. Gefe kawai suke zarowa su yi aiki. Ko su ba su taɓa ganinsa a buɗe ba.

"Hasken idona, in mun gama fa?"

"In mun gama sai ka zo ka gaida Anna."

Intala ya riga shi.

Washegarin faɗan, da hantsi, mata suka cika gidan Mariyama. An kafa sandunan bukka a tsakar gida, ba a sa tabarmi ba. Intala ya shigo da bandir na leshin kanti a kafaɗa, almakashi a hannu.

"Tanti, ga na Dubai. Wannan ba ƙanshin gazuwal na garaji."

Wasu suka yi dariya. Dassin ta hango Fatahu a bakin ƙofa, ya ɓoye hannunsa cikin aljihu. Hawaye suka zubo mata.

"A ɗauko buhun, a buɗe rufin," in ji Mariyama. "Ni zan nemo saƙar ƙaton."

Mata suka kama gefe gefe, suka ɗora shi bisa sandunan, suka ja.

Dariya ta ɗauke.

Rana ta ratso ta cikin zaren. Taurari suka zubo bisa rairayi, bisa fuskoki, bisa baƙaƙen mayafai. Iska ta ɗan taɓa rufin, gidan duka ya motsa kamar ruwa. Wata tsohuwa ta zauna a ƙasa ba ta sani ba.

"Tabarakallah..." ta ce. "Mutum ya yi wannan?"

Dassin kanta ta ɗaga kai tana kallo. Ashe haka yake!

Mariyama ba ta gani sosai. Ta shiga ƙarƙashi, ta ɗaga hannu, ta fara lalube daga tsakiya.

"Wannan na 'yata ne."

Ta matsa.

"Wannan nasa ne. Tauri kamar tsakuwa. Ga inda zare ya tsinke masa... ga wani... ga wani. Bai daina ba?"

"Bai daina ba, Anna."

Ta ci gaba tana bin taurarin zuwa waje. Tafiyarta ta ragu. Ƙullin namijin yana laushi, layi bayan layi. Da ta kai gefe sai ta tsaya. Ta shafa ɗaya, ta shafa na kusa da shi, ta koma ta sake shafawa.

"Dassin... nan wanne ne naki?"

Dassin ta duba da idonta lafiyayye.

"Wallahi ban sani ba, Anna."

Mariyama ta daɗe hannunta a sama.

"Ina yaron? Ya shigo."

Fatahu ya cire takalmi ya durƙusa. "Ina kwana, Inna."

"Ba ni hannun."

Ya miƙa. Ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, suka lanƙwasu. Ta ji kantar da zare ya yi masa, daidai inda tata take.

"Ku kawo tabarmi," ta ce wa matan. "A rufa musu bukkarsu. Kai kuma ka turo manyanka."

Guɗa ta tashi. Dassin ta faɗa jikin uwarta tana kuka.

Intala ya kutso, ya cusa wa Mariyama almakashin a hannu.

"Tanti! Jininki ne ni! Ke kika ce za a yanke!"

Ta saki almakashin ya faɗi cikin rairayi.

"Ba zan yanke ba."