Shirun Gwaggo a Bakin Teku

"Romo kuma?"

Auta ta dire cokali a kan teburin katako, ta zuba wa Dogo ido kamar ta cinye shi ɗanye. Ga kifi yana ƙauri a kan garwashi, ga kaguwa, ga jatan lande manya-manya, amma saurayin nata ya kalli mai rumfar abincin ya ce a kawo romon kifi kwano biyu, a cire ƙaya, a haɗo da nunanniyar gwanda.

"Haƙorina ne, rabin raina," ya ce a hankali, yana dafe da kunci.

"Jiya kuncin dama ka dafe. Yau kuma na hagu?"

Da sauri ya sauya hannu.

Takaici ya kama Auta. Wannan tafiya ita ce damarsu ta ƙarshe. Baba ya riga ya ce shi ba ya tsallake maganar yayarsa, don haka aurenta yana bakin Gwaggo. Ita kuwa Gwaggo tun a gida ta ce Dogo bai yi mata ba, wai sanyinsa ya yi yawa, namiji sai ka ce an jiƙa tsumma. Ɗan aminiyarta take so, wanda kowa ke kira Ɗan Gayu. Da kyar Yaya, wan Auta, ya lallashe ta suka fito hutu yawon tsibirai, ya saƙalo abokinsa Dogo a cikin tafiyar, ko Allah zai sa ta gan shi da kyau. Gwaggo ta ce to, za ta yanke magana kafin a koma gida. Shi ma Ɗan Gayu da ya ji labari sai ga shi a filin jirgi da akwatuna uku da tabarau.

To kuma ga Gwaggo ta daina magana.

Matar da idan tana faɗa makwabta ke rage sautin rediyo don su saurara! Tun ranar farko abin ya faru, a kwale-kwalen da ya tsallaka da su. Igiyar ruwa ta yi ta wujijjiga su, Gwaggo ta leƙa gefen jirgi ta yi ta kelaya amai, Dogo na kusa da ita yana riƙe mata jaka. Tana ɗagowa ta naɗe bakinta da mayafi tamau. Daga nan ko uffan. Sai nuni da yatsa, sai harara.

"Gwaggo, ki taya ni sha," in ji Dogo, yana tura mata kwano ɗaya. "Kunya nake ji a ce ni kaɗai ne mai romo."

Gwaggo ta ja kwanon, ta juya musu baya tana fuskantar teku, ta dinga cusa cokali ta ƙarƙashin mayafi.

"Kin gani ko?" Ɗan Gayu ya matso kusa da Auta, amma ya ɗaga murya yadda Gwaggo za ta ji. "Ko kallonsa ba ta son yi. Ina ke ina mijin da tun bai yi aure ba haƙora suka fara sallama? Gaba sai dai ki riƙa tauna masa nama."

Yaya ya ƙware da dariya, har da buga tebur. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Haka aka yi ta yi, tsibiri bayan tsibiri. Ruwa garai-garai har kana hango kifi, rairayi fari tas, bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo, amma Auta ba ta ga kyan ko ɗaya ba. Duk rumfar da suka zauna, Dogo zai riga kowa zuwa wajen mai girki ya yi masa raɗa, sai ga romo, sai ga markaɗaɗɗen mangwaro, sai ga ayaba lugub. Shi kuwa Ɗan Gayu ya duƙufa neman fada. Yau ya kawo wa Gwaggo gasasshiyar masara, gobe ɓarin kwakwa mai tauri, yana cewa, "Hajiyata, ɗan taɓa mana!" Ita dai sai ta bi shi da wani irin kallo, shi kuma ya ɗauka ƙauna ce.

Da hantsin ranar da za su koma, Auta ta tare Dogo a bakin ruwa.

"Ka faɗa min gaskiya. Ka fasa ne?"

"Na fasa me, hasken idona?"

"Aurena! An ce ba ka da kuzari, ka zo kana shan romo kamar mai jego. Wallahi ko ni ce Gwaggo ba zan ba ka ba!"

Ya rame, har ƙashin wuyansa ya fito, ga cikinsa yana ƙugi tana ji.

"Ki yi haƙuri," kawai ya ce.

Ta juya da hawaye taf a idonta. Tana son sa, son da ita kanta yake ba ta haushi, kuma tana kallo yana zubar da damarsu a kwanon romo.

Abincin rana a wata babbar rumfa suka ci, cike da baƙi. Ɗan Gayu ya ci ado da fararen kaya. Ya zo da sandar rake an fere ta, ya miƙa wa Gwaggo, ya saita wayarsa.

"Yau kam sai kin yi mana dariya, Hajiyata! Kai tsaye nake nuna wa 'yan gida, ga aminiyarki Mama ma tana kallo. Sauke mayafin ki gatsa, a ga fararen haƙoran nan da ake labari!"

Gwaggo ta girgiza kai.

"Haba, sau ɗaya tak!"

Sai iskar teku ta taso, ta fizgi bakin mayafin. Gwaggo ta kai hannu, raken ya hana ta.

Kafin kowa ya ankara, Dogo ya miƙe zumbur da kwanonsa, ya yi tuntuɓe da abin da babu, ya juye romon nan kaf a ƙirjin Ɗan Gayu.

"Wayyo rigata!"

Waya ta yi sama ta faɗa cikin rairayi. Ɗan Gayu na tsalle yana fifita ƙirji, kan kifi na maƙale a aljihunsa, masu rumfa sun yo kansa da tsumma, Yaya ya faɗo daga kan benci don dariya. Ba wanda ya kalli Gwaggo. Ko da ƙura ta lafa, ta riga ta mayar da mayafinta ta ɗaure.

"Shi ke nan," in ji Auta. "Ka gama da mu."

Ta ruga masauki, ta faɗa kan gado tana kuka.

Ba a jima ba aka turo ƙofa. Gwaggo ce. Ta murza makulli, ta ja labule, ta zauna a bakin gado. Sannan ta warware mayafin.

Auta ta ɗago, kukan ya tsaya cak. Bakin Gwaggo ya lotsa ciki, babu haƙori ko ɗaya.

"Idan kika yi dariya sai na tsine miki," in ji Gwaggo, maganar na fita da iska-iska.

"Gwaggo... ina haƙoranki?"

"Suna ƙasan teku, kifi na wasa da su. Na roba ne. Ko ubanki bai sani ba."

Auta ta cusa fuska cikin matashi, kafaɗunta na rawa. Gwaggo ta ɗaka mata duka a baya.

"Yaron nan Dogo yana gani suka faɗa. Muka haɗa ido, ya kau da kai ya shiga nuna min wani tsuntsu. Na ce yau asirina ya tonu, zai faɗa miki, ke kuma bakinki ba ya riƙe ruwa. Na jira, shiru. Sai ma ya ƙirƙiro ciwon haƙori don in samu abin da zan ci." Ta share ido da bakin mayafi. "Ana yi masa dariya, ke kina zazzaga masa, ya shanye. Wancan sakaran kuwa saura ƙiris ya nuna wa duniya dasashina."

"Gwaggo, kina nufin..."

"Na ba shi. Tashi ki ba ni wuri. Kuma ki sa a gasa masa kifi kafin ya faɗi a hannunmu."

Ko takalmi Auta ba ta tsaya nema ba. Ta same shi zaune a kan wani kifaffen kwale-kwale, ya zabga tagumi.

"Masoyina!" Ta tsaya tana haki. "Ta yarda! Ta faɗa min komai... haƙoran, ciwon ƙarya, komai. Ka yafe min."

Ya miƙe tsaye, idonsa ya kawo ruwa. Ya daɗe yana kallonta, murmushi na neman ƙwace masa.

"Waɗanne haƙora?" ya ce.

"Kai, Dogo! Na ce ta faɗa min!"

"Ni tsuntsu na gani."

Dariya da kuka suka haɗe mata lokaci guda, har sai da ta durƙusa a kan rairayi.

An ɗaura auren bayan damina. Gwaggo ta halarta da sababbin haƙora, ta yi ta washe su a kowane hoto. Yanzu 'ya'yansu biyu, kuma duk ranar da Auta ta tsokano maganar, daga ita sai shi a ɗaki, sai Dogo ya ɗaga kai ya kalli silin ya ce shi fa bai san zancen da take yi ba.