Kafaɗar Dama

Auta na tura ƙofar ɗakin tausa ta tsaya cak. Matar da ke zaune a bakin gado, ta rungume jaka kamar za a ƙwace mata, mahaifiyar Dogo ce. Ta sha ganin fuskar nan a wayarsa.

Dogo mai gyaran lantarki ne. Na'urar ɗumama tawul ya zo gyara musu a shagon bara, ya gama cikin minti goma, amma sai da ya yi wata uku yana dawowa wai duba wayar wuta. Da maganar aure ta taso, Mama ta ce sam, ɗanta ba zai auri mai shafa jikin mutane ba, ko da mata zalla take yi wa. Yau ga ta da ƙafarta. Auta ta san ba tausa ce ta kawo ta ba, laifi ta zo nema.

Mai shagon ta raɗa mata ko a ba wata ma'aikaciyar. Auta ta girgiza kai.

Ta durƙusa ta gaishe da Mama, aka amsa da ƙyar. Ta tambaye ta ko akwai inda ba ta so a taɓa, ta bayyana mata cewa tausa ce irin ta ƙasar Suwidin, ta sakin jiki, kuma tawul zai rufe ta gaba ɗaya, sai wurin da ake aiki kawai za a buɗe. Sannan ta fita, ta ba ta wuri ta shirya.

A faɗi gaskiya, yarinyar nan ta iya aikinta. Ba ta taɓa ɗora wa mutum hannu mai sanyi. Ta murza mai a tafinta har ya yi ɗumi, ta fara doguwar shafa daga ƙugu zuwa wuya, a hankali, ba gaggawa. Ko mai za ta ƙara, hannu ɗaya na nan a baya, don kada mai kwance ta ji an bar ta. Mama ta ƙame kamar katako, tana jiran abin kushewa, abin kushewa ya ƙi zuwa.

Da ta iso kafaɗar dama sai ta ji wani ƙulli mai tauri a ƙarƙashin yatsunta.

"Mama, wannan kafaɗar ta daɗe tana ɗaukar kaya ita kaɗai."

Can Mama ta ce shekara ashirin da shida ke nan a kan keken ɗinki. Ta ce da can, in ta tashi daga ɗinki, baban Dogo ne ke danna mata daidai wurin nan da babban yatsa, yana tsokanarta. Tun da ya rasu babu hannun da ya sake sauka a wurin, ita kuma ba ta taɓa roƙon kowa ba...

Sai kuka ya ƙwace mata. Auta ba ta ce "yi haƙuri" ba, ba ta kuma ɗauke hannu ba. Ta rage ƙarfi, ta ci gaba da murza wurin har numfashin Mama ya daidaita. Tausayinta ya cika mata zuciya, har ta manta a gaban wa take.

Ashe Dogo ya ji labari a gida, ya bar aiki ya taho. Suna fitowa ya ga idanun mahaifiyarsa jawur, nan take fuskarsa ta canza.

"Me kika yi mata?"

Auta ta ce ba ta yi mata komai ba. Ya ce to me ya sa ta kuka, shi da tun tasowarsa bai taɓa ganin hawayenta ba? Kalma biyu za su wanke ta, ta sani. Ta dubi Mama, Mama ta kau da kai.

"Masoyiyata, ki gaya min. In kin ɓoye min wannan, ban san me ya rage tsakaninmu ba."

Maganar ta soke ta, don tana sonsa kamar ranta. Ta ce, "Abin da aka faɗa a kan gadon nan ba nawa ba ne, Dogo. Ko za ka bar ni, ba zan ba ka ba."

Ya juya zai fita. Mama ta kama bayan rigarsa kamar yaron goye.

"Dawo nan, dogon banza. Tsawo har rufi, hankali a idon sawu."

Ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon Auta. Ta ce ta zo ne da niyyar ta ga abin kunya ta kai gida, sai ga shi nata sirrin ta zubar, yarinya ta tattara ta rufe, alhali auren da take so ne ke shirin kuɓuce mata.

"Ka je wurin kawunka yau, ka ce ya sa rana su je neman aure."

Dogo ya daskare, baki buɗe. Da ya dawo hayyacinsa ya fara ba Auta haƙuri, harshe na sarƙewa. Ita kuwa hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka zubo. Mama ta sa gefen mayafinta ta share mata.

"Ya isa, 'yata. Ni na yi nawa, ke ma kin yi naki. Shi kuma bar shi ya yi ta roƙo har sati."