Dardumar Da Ta Tsare Tafsut

"Itto, ajiye wuƙar nan! Kin haukace ne?"

Ban ajiye ba. Na ƙara danna kaifinta a jikin zaren masaƙar, idona cikin na Yidir, mutumin da saura wata guda a ɗaura mana aure.

"Fito da takardar!"

"Wace takarda kuma?"

"Kar ka raina min hankali! Takardar makarantar Tafsut da na damƙa maka da hannuna sati uku da suka wuce!"

Tafsut, ƙanwarsa, tana zaune bayan masaƙar, gashin tumaki a cinyarta, baki buɗe. Shekara shida ina koyar da ita a ajinmu na Tizgi, ɗaki ɗaya tal a saman dutsen Atlas, inda 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida ke raba allo guda. Ita ta zo ta ɗaya a duk yankin. Sakandare kuwa tana can gangare, tafiyar awa uku a mota, sai yarinya ta samu gado a gidan kwanan ɗalibai. Tafsut ta samu. Sa hannun yayanta kawai ya rage, tunda mahaifinsu ya rasu.

Da safen nan shugabar gidan ta kira ni a waya. Yau ce rana ta ƙarshe, in ba su ga yarinyar ba wata za a ba gadon. Motar kasuwa kuma Talata kaɗai take hawowa garinmu, da azahar ta juya, yau kuwa Talata ce.

"Dadda..." Tafsut ta kira yayanta. "Ba cewa ka yi ban ci jarrabawar ba?"

Yidir ya kawar da kai.

"Faɗa mata mana!" na daka masa tsawa. "Faɗa mata ka zaunar da ita ne don ta saƙa min dardumar ɗakin aure! Ni malamarta, a kan karatunta zan shimfiɗa ƙafa!"

"Ke komai a allo kike ganinsa!" shi ma ya harzuƙa. "Idon Immi, mahaifiyarmu, ya yi yana, zare ma ba ta gani. Da ƙanƙara ta fara zuba zan gangara da tumaki kwari, wata uku ba na gida. Wa zai ɗebo mata ruwa? Wa zai hura mata wuta? Allinki?"

"Da ka tambaye ni!"

"In tambaye ki ki yi min huɗuba? Ni ma a aji biyar aka cire ni, ban mutu ba!"

"Ba ka mutu ba, amma har yau in ka wuce ta tagar ajina sai ka rage tafiya. Kana zaton ba na ganinka?"

Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Hantata..." ya ce a hankali, sunan da yake kirana da shi in muna mu biyu.

"Kar ka hantata ni! Ko takarda ko in yanke, auren ma ya bi ta!"

A garinmu ba a yanke saƙar da ba ta kai ƙarshe ba. Tsofaffi sun ce masaƙa rai gare ta, duk wadda ta yanke ta ɗanya ta yanke albarkar ɗakin da aka kafa ta dominsa. Na san haka sarai. Ɗakina ne, na yarda.

Sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Lalla Hadda ce, mahaifiyarsu, ta lallaɓo ta jikin bango ba wanda ya ji ta.

"Ba ni, 'yata."

Na sakar mata wuƙar, sai a lokacin hawaye suka zubo min.

"Yidir, takardar da ka cusa a akwatin sukari ka ce ta rigakafin tumaki ce, ita ce?"

"Immi, don ke na yi..."

"Don ni ka yi min ƙarya saboda ban iya karatu ba? To shi ya sa za ta tafi. Kada gobe ɗanta ya nuna mata takarda ya ce ta tumaki ce. Tashi daga nan, Tafsut!"

Ta jawo ni ta zaunar a gurbin yarinyar.

"Ni na kafa zaren nan da bismillah, ba mai yanke shi. Wadda za ta kwanta a kai ita za ta ƙarasa. Kin ce da ya tambaye ki. To ni na tambaye ki: za ki riƙa zuwa bayan an tashi makaranta?"

"Kullum, Lalla. Ruwa da wuta ma na ɗauka. Amma saƙa... ban iya ba."

"Na sani. Duk Tizgi an san hannun alli gare ki. Ko ta fito karkace kamar hanyar akuya, a kanta za ku kwana."

"Immi, a hannun Itto ai sai bazara!" Yidir ya ce.

"Sai ka jira. Ita da ka so ta jira har abada fa?"

Daga can ƙasa muka ji hon ɗin motar kasuwa.

Yidir ya buɗe akwatin sukari, ya karkaɗe takardar, ya zare bironi daga aljihun rigata ba tare da ya nema ba. Harafi ɗaya-ɗaya ya rubuta sunansa, harshe a waje kamar ɗan aji biyu. Ya saɓa katifar Tafsut a kafaɗa, muka gangara da gudu, ita rungume da burodin sha'ir da kwalbar man zaitun.

"Har yanzu fushi kike?" ya tambaye ni yana haki.

"Sosai!"

"Zuwa bazara zai huce?"

"Ya danganta da yadda dardumar ta fito."

Ya yi dariya, ni ma ta kusa ƙwace min.

Tafsut ta shige ta zauna tsakanin buhunan gari, tana kuka tana ɗaga mana hannu. Sai ƙofar gaba ta buɗe, wani saurayi mai tabarau ya sauko da akwati da ambulan a hannu, takalminsa na birni ya nutse a laka.

"Don Allah ina zan samu Malama Itto?"

"Ga ni."

"Alhamdulillahi! Ni ne sabon malamin da aka turo a madadinki. An amince da canjin wurin aiki da kika nema bara waccan. Ranar Litinin ake jiranki a birni."

Na karɓi ambulan ɗin. Na cike takardar ne tun kafin Yidir ya nemi aurena, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Yidir ya dubi ambulan ɗin, ya dube ni, murmushinsa ya ɗauke.

"Ashe ke ma kina da akwatin sukari, Malama?"